Tiren Murja da Ƙundun Maigida

Duk wanda ya taɓa shiga flat ɗin Murja a Camberwell ya san tirenta. Babban tire ne na tasa mai zanen jajayen furanni, gefensa ya ɗan lotsa, fentin tsakiyarsa ya goge saboda yawan wanki. Ba ya shiga kowace durowa a kicin, don haka a bayan firij yake tsaye. Daga Malumfashi ta zo da shi a ƙasan akwati, ta jera zannuwanta a kansa, shekarar da ta biyo mijinta Nata'ala Landan. Mahaifiyarta ta yi ta faɗa, wai wa yake kai tire ƙasar Turawa. Ita kuwa ta ce ba ta san a me suke cin abinci a can ba, gara ta tafi da nata.

Murja ta rasu bayan ƙaramar Sallar bana. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni Anatu, 'yar Bukuru, na fi shekara ashirin ina aminci da ita, kuma har yau in na ga abin dariya a cikin bas sai hannuna ya kai kan waya kafin in tuna. Ba labarin ciwonta zan bayar ba. Na tiren zan bayar, don ita ma da shi za ta fara.

A wani shagon kayan miya a Rye Lane muka haɗu. Ƙullin kuka ɗaya ya rage a kanta, hannuna da nata suka kai tare. Ta leƙa jaririyar da ke goye a bayanta ta ce, "Kin ga matar nan za ta raba mu da miyar yau." Na ce mata matar nan tana jin ta. Ta yi dariya har sai da mai shago ya ɗago. Ita ta ɗauki kukar, amma a tashar bas ta nemi leda ta raba ta biyu ta miƙo mini rabi. Ban san cewa a ranar na ga halinta gaba ɗaya ba.

Nata'ala direban bas ne, mutum mai kunya, ba ya son a ji kansa a ko'ina. Murja kuwa aikin raba abincin rana ta samu a wata firamare a Peckham. Takan ɗora hular raga a kan kallabinta, ta tsaya bayan kanta da babban cokali, yara suna wucewa da farantansu. Daga nan take karatun mutane. Akwai yaron da yake miƙo faranti idonsa na kan na gabansa, akwai wanda ba zai ce a ƙara masa ba ko yunwa za ta kashe shi, akwai mai fara cin abin zaƙi tun yana kan layi. In ta dawo gida sai ta yi ta kwaikwayonsu har cikinmu ya yi ciwo.

"Yaro ba fayau yake zuwa duniya ba," in ji ta. "Da kayansa yake zuwa. Naki ki duba ki ga me ya ɗauko, ki nema masa inda zai sauke ba tare da ya fasa ba."

Nata biyu ne. Muhsin ne ɗan fari, kuma Murja ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwarta ba ta taɓa kiran na yayanta ba. Yayan Zarah take ce masa. Tun yana rarrafe in ka ba shi biskit sai ya nemi wanda zai miƙa wa. Ya taɓa dawowa daga makaranta tsakiyar hunturu babu rigar sanyi, ya ba wani yaro da ya manta tasa.

Zarah ita ce wadda ke goye ranar kuka. Ba ta iya magana sosai ba ta fara jera kofuna biyu a ƙasa, ta kwanta rub da ciki ta daidaita idonta da su, ta ga ko lemon yayanta ya fi nata. Da baki ya buɗe kuwa sai aka shiga uku. Ana yi mata Hausa tana mayar da Turanci, kuma maganarta ɗaya ce daga safe har dare: "It's not fair." Ba adalci. Me ya sa Muhsin yake zama gaban mota. Me ya sa Umma take kiran sunanta amma ba ta kiran na Muhsin. Me ya sa duk ranar da aka dafa kaza Abba ne yake cin ƙundu.

Wannan ta ƙundu ta daɗe tana ci mata rai. A gidan Bahaushe ƙundun kaza na maigida ne, kuma Nata'ala, duk sauƙin kansa, nan ne kaɗai ba ya wasa. Kajin manyan kantuna na nan ba sa zuwa da kayan ciki, don haka Murja takan je wajen mahaucinta a Rye Lane ta sayi tsohuwar kaza, ta sa ya jefa mata ƙundu guda a leda. Guda ɗaya tak, ko da yake tuli guda ne a gabansa. Ta ce kaza ɗaya ƙundu ɗaya Allah ya yi mata, in ta saya da yawa ya zama nama kawai.

Da a gida abin ya tsaya da sauƙi. Amma Zarah ta kai shi makaranta, ta kai shi Islamiyya, inda ta tambayi malama dalilin da ya sa maza suke fita shan iska kafin mata. Sai kuma babbar Sallar shekarar da ta cika goma.

Hausawan wannan ɓangare na gari sun kama wani zaure a Peckham. Mata sun yi wuni biyu suna girki. Aka fara kai wa maza, aka cika musu faranti da soyayyen rago, abin da ya dawo ɓangaren mata da yara kuwa yawanci ƙashi ne da romo. An saba da haka. Murja na can tana kwashe shinkafa ba ta ga lokacin da 'yarta ta tsallaka ba. Zarah ta je gaban Alhaji Shamsudeen, dattijon da kowa yake rusuna wa, ba sallama ba durƙuso, ta gaya masa da Turanci cewa iyayensu mata ne suka dafa kuma ƙashi suke gwaigwaya. Ta sunkuya ta ɗauke farantin naman da ke gabansa da hannu biyu, ta juya abinta.

Alhaji ya bi ta da kallo, hannunsa a sama inda ya miƙa zai ɗauki tsoka. Sai ya ce, "Nata'ala, wannan taka ce?"

"Tawa ce, Alhaji. A yi haƙuri."

"To, sai ka yi da gaske."

Da murmushi Alhaji ya faɗa, wasu ma sun yi dariya, amma Nata'ala bai ji dariyar ba. Bai ƙara kai loma bakinsa ba. Da suka koma gida bai ɗaga wa yarinyar hannu ba, don ba halinsa ba ne. Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga aiki ya tarar da Murja tana guga, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba.

"Na yi magana da Yaya a Katsina. Akwai makarantar kwana ta 'yan mata kusa da ita. Na yi booking ɗin jirgi, da an gama dogon hutu zan kai ta da kaina."

Murja ta ajiye dutsen gugar a tsaye. "Malam, shekararta goma fa."

"Ni ma ban fi haka ba aka kai ni. Garin nan ya fi ƙarfinmu a kanta, Murja. Yau faranti ta ɗauke, gobe ban san me za ta ɗauke ba. A can za a cire mata wannan abin."

Ta san shi. In ta ɗaga murya ya ƙara kafewa, kuma ta ga ba mugunta ba ce a idonsa, tsoro ne. Sai ta ce, "To ka bar mini ita hutun nan. Kada ka gaya mata komai tukuna."

"Na bar miki. Amma booking yana nan."

Washegari ta kira ni muka zauna a benci a lambun Burgess Park, ga ɗana Dung yana buga ƙwallo can nesa. Ban taɓa ganin Murja ta riƙe kofin shayi har ya huce ba sai ranar. Ta ce in aka ɗauke mata yarinyar nan za ta dawo tana durƙusawa tana gaisuwa, kowa ya yaba, amma ba za ta ƙara gaya wa uwarta abin da ke ranta ba. Na ce to ta yi wa yarinyar faɗa mana, ta tsorata ta da zancen Katsina.

"Anatu, kin san wa ta ɗauko?" Ta nuna ƙirjinta. "Ni ce nan. A gidanmu ba a raba ko gyaɗa ban yi ƙara ba. An dake ni, an hana ni tuwo, an kai ni gidan gwaggo. Ina dawowa nake ɗorawa daga inda na tsaya. Kakata ce ta gaji rannan ta miƙo mini kwanon nama ta ce, tunda ke ce mai ido, ke za ki riƙa rabawa. Amma mai rabo shi yake ɗaukar na ƙarshe."

"Ya yi miki magani?"

"Ina fa. Ba ki ga aikin da nake yi ba? Har yau rabo nake." Ta kurɓi shayin mai sanyi ta yamutsa fuska. "Ba a cire shi, ƙawata. Aiki ake ba shi."

Asabar ta farko ta hutu ta jawo tiren daga bayan firij. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe, ta soya tsohuwar kaza. Ta gayyato yaran benensu, na kawo Dung. Ta shimfiɗa tabarmar roba a tsakar falo, ta kwashe cokula ta ɓoye, ta sa kowa ya wanke hannu ya zauna ya kewaye tiren. Yaran da aka haifa a nan, kowa ya saba da farantinsa, suka yi ta kallon juna. Ƙundun ta cire ta sa a kwanon Nata'ala ta rufe, sauran kazar ta ajiye gaban Zarah.

"Ke za ki raba. Kowa ya zaɓa, daga ƙarami zuwa babba. Abin da ya rage shi ne naki."

"Why me?"

"Ke ce kike ganin abin da ba ma gani. Bismilla."

Zarah ta tashi ta shiga ɗaki, sai ga ta da rular makaranta. Murja ta danne dariya da gefen mayafi ta shige kicin, na bi ta, muka leƙo ta bayan ƙofa. Yarinyar nan ta auna cinya, ta auna fiffike, ta yanki nan ta ƙara can, ta koma ta sake. Tuwo ya sandare. Dung ya kwanta a ƙasa ya ce a gaya wa uwarsa ya mutu da yunwa a gidan mutane. Da ta gama, aka zaɓa, sai ƙorafi ya tashi ta ko'ina. Wannan ya ce nasa ƙashi ne, wancan ya ce fata aka ba shi. Wata 'yar ƙarama ta dubi Zarah ido cikin ido ta ce mata, "It's not fair."

Zarah ta ajiye rular. Ta fashe da kuka ta ruga banɗaki ta kulle.

Murja ba ta bi ta ba. Sai da yara suka watse ta je ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofar banɗakin.

"Da zafi ko?"

"Na auna, Umma," in ji muryar daga ciki, da Turanci. "Duk daidai suke."

"Na gani. Amma rula ba ta san ƙashi ba. Kuma ba ta san Dung ya ninka waccan 'yar girma ba. Asabar mai zuwa ki bar kallon naman, ki kalli masu ci."

"Ba zan ƙara yi ba."

"To. Sai in ba Dung ya raba."

Sai ga ƙofa ta buɗe. Zarah ta gwammace komai da ta zauna ta ga Dung yana rabon nama.

Haka aka yi ta yi duk Asabar. Rula ta koma jaka. Zarah ta gano ƙananan ba sa iya tauna cinyar tsohuwar kaza, sai ta riƙa yayyaga musu ƙirji. Ta gano akwai mai son fata, akwai wanda ba ya ko taɓa ta. Ta gano in ta tambaya kafin ta yanka, ƙorafi yana raguwa. Ta kuma gano abin da ya fi ba ta haushi, wato duk wahalar da ta sha, yayanta yana karɓar nasa ya tura gaban na kusa da shi. Ta kai ƙara kicin.

Murja ta fito da ludayi a hannu. "Yayan Zarah, daga yau akwai doka a kanka kai ma. Sai ka ci rabin naka kafin ka ba wani. Mai bayarwa ma ciki gare shi."

Muhsin ya ci rabin kamar ana ba shi magani, ya miƙa sauran. Murja ta ce da ni a hankali, wannan in ba a koya masa riƙewa ba, wata rana har takalminsa zai bayar ya dawo da safa.

Sai dai hutu yana ta ƙarewa, kuma Nata'ala bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, don ranar Asabar yana kan hanya da bas. In Murja ta ba shi labari sai ya ce madalla, ya ci tuwonsa. Ya riga ya sayo akwati ya ɗora a kan durowa, kuma kowace safiya da shi Murja take fara yin ido biyu. A gida kuwa Zarah ba ta daina gardama ba. Ko a makon ta tsayar da uban a kan wa ya kamata ya riƙe abin canja tashar talabijin. Murja ta rame. Ta ce mini ta fara tunanin ko ita ce take yaudarar kanta, ko yarinyar rabon kaza kawai ta koya.

Asabar ta kusa da ƙarshe aka canja wa Nata'ala lokacin aiki, ya tashi daga aiki da wuri. Ya shigo ana tsakiyar zaɓe, ya yi sallama, ya rasa inda zai taka saboda yara. Murja ta kai masa kwanonsa kan kujerar da ke lungu, ta koma bakin kicin ta tsaya kusa da ni. Ina jin numfashinta.

Kowa ya ɗauki nasa. Ya rage fiffike ɗaya da ɗan guntun wuya, rabon Zarah ke nan. Ta miƙa hannu ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Fausia ce, 'yar wasu mutanen Kumasi da suka tare a benen ƙasa a makon. Murja ta gayyace ta a lif ta manta ba ta gaya wa kowa ba. Yarinyar ta tsaya a bakin tabarma da hannunta a wanke, tana kallon tiren.

Yara suka sunkuyar da kai, kowa ya ja namansa kusa da shi. Muhsin ya ɗaga nasa zai miƙa.

"A'a," in ji Zarah. "Ba ka ci rabi ba."

Murja ta motsa za ta ce laifinta ne, akwai sauran miya a tukunya, na riƙe mata hannu. Zarah ta dubi tiren, ta dubi baƙuwar. Fuskarta ta nuna ba ta so, ba ta ɓoye ba. Ta matsa gefe ta buɗe wuri, ta tura fiffiken da wuyan gaban Fausia. Sai ta yi magana da Hausarta mai karkata, wadda ba ta cika fitowa da ita ba.

"Zauna. Ni ne mai rabo. In bai isa ba, nawa ne bai isa ba."

Ta gutsuri tuwo ta dangwali miya ta ci ba nama, tana harare-harare kada wani ya tausaya mata.

Nata'ala ya daɗe yana kallonta, murfin kwano a hannunsa. Sai ya tashi. Ya ratsa tsakanin yaran da safarsa ta aiki, ya durƙusa, ya ɗauko ƙundun daga kwanonsa ya ajiye a gefen tiren da ke gaban 'yarsa. Tun da aka yi auren, Murja ba ta taɓa ganin ƙundu ya bar kwanon nan ya tafi wani wuri ba.

Zarah ta dubi ƙundun, ta dubi uban. "Abba, wannan na maigida ne."

"Maigida ya ba ki."

"It's not fair. Kai ma ka yi aiki tun safe."

Ta jawo wuƙar rabo ta tsaga shi biyu, ta daidaita su gefe da gefe ta duba, sannan ta ce masa ya zaɓa, ita za ta ɗauki na ƙarshe. Nata'ala ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da tari. Ya zauna a tabarmar nan cikin yara, da rigar aikinsa, ya ci rabin ƙundu.

Bai ce komai a kan Katsina ba ranar. Bayan kwana biyu yana ɗaura igiyar takalmi zai fita, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Af, na yi cancel ɗin abin nan. Akwatin kuma ki zuba barguna a ciki."

"To, Malam. Allah ya tsare hanya."

Ta jira har ta ji lif ya sauka. Sannan ta kira ni, kuma abin da na fara ji a wayar guɗa ce, a flat ɗin haya na hukuma, da safe, maƙwabta Turawa suna barci.

Daga baya ta sa Zarah ta je ta gaida Alhaji Shamsudeen ta ba shi haƙuri, don ta ce gaskiyar magana daban, ɗauke faranti a gaban babba daban. Zarah ta durƙusa ta ba da haƙurin faranti, ta ƙara da cewa maganar ƙashi dai tana nan. Sallar da ta biyo baya tare aka zuba na maza da na mata.

Ba wanda ya canja a cikinsu. Muhsin ma'aikacin jinya ne yanzu, kuma matarsa ta ce har yau sai ta bincika ko ya ci abincin da ta ɗaura masa ko ya bayar. Zarah tana koyarwa a sakandare, ranar Lahadi kuma takan sa gajeren wando a kan dogo, ta ɗaura ɗankwali, ta rataya usur, ta yi alƙalancin ƙwallon 'yan mata. Murja ta je kallo sau ɗaya. Ta dawo ta ce mini ta ga 'yarta ta ɗaga wa wani ƙaton uba hannu ta ce ya koma bayan layi, kuma ya koma. "Kin ga abin da aka so a kai Katsina a cire," in ji ta.

Tiren bai huta ba. Yaran farko suka girma, wasu suka zo, daga baya 'ya'yan na farkon. Ko a asibiti, da jiki ya yi nauyi, Murja ba ta bar halinta ba. Takan bi mai rabon abinci da ido, ta gaya mini a kunne cewa matar gadon can ba ta samu miya sosai ba, in je in yi magana. Da aka kawo mata jikarta, 'yar Zarah, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta ba ta biskit biyu don ta ga abin da za ta yi. Yarinyar ta riƙe ɗaya a kowane hannu, ta ƙi ci, ta ƙi bayarwa, ta tura su ƙarƙashin filon kakarta.

"Wannan mai ajiya ce," in ji Murja. Muryarta ta yi ƙasa amma idonta na dariya. "Kada ku ce mata marowaciya. Ku ba ta makulli ta riƙe muku."

A masallacin Whitechapel aka yi mata salla. Ranar sadakar uku flat ɗin ya cika har matakala, Musulmi da Kirista, 'yan Najeriya da 'yan Ghana, da matan da suka yi aikin kicin tare da ita. Fausia, wadda yanzu uwa ce, ita ta jawo tiren daga bayan firij ba tare da ta tambayi kowa ba. Aka zuba, aka ajiye kaji a gaban Zarah, don ba wanda ya yi tunanin wani zai raba. Ta raba idonta a kumbure, tana tambayar kowa abin da yake so. Da ta zo kan ƙundu ta sa a kwano ta kai wa ubanta. Nata'ala ya dube shi ya kasa ci. Ta durƙusa ta tsaga shi biyu, ta ce ya zaɓa. Ya zaɓa, suka ci.

Da yamma muna wanke-wanke aka nemi makullin flat sama da ƙasa aka rasa. Aka ɗaga kujeru, aka zazzage jakunkuna. Ni ce na je mayar da tiren wurinsa, na leƙa bayan firij, sai ga makullin a can ƙasa, tare da cokali biyu da rabin biskit. 'Yar mai ajiyar tana tsaye a bayana tana kallona, ranta a ɓace an gano mata wuri.

Na kira Zarah ta zo ta gani. Muka tsaya a kicin ɗin Murja muna dariya muna share hawaye. Sannan Zarah ta ɗauki makullin ta goge shi da gefen zaninta, ta sunkuya ta miƙa wa 'yarta, ta ce ta riƙe mata da kyau har a tashi rufe ƙofa.